Gwajin da Aka Matso da Shi Cikin Dare: Nazarin Lamarin Wani Wakilin Aji Biyu

Takardar ƙorafin ta iso teburina da safiyar wata Litinin a watan Fabrairun 2023. Shafi ɗaya da rabi ce, rubutun hannu, sa hannun ɗalibai ya cika ƙasanta har ya zagaya baya. Shugaban sashe ya rubuta a kusurwa da jan biro cewa a bincika a kawo masa rahoto. Ni ne kodinetan aji biyu na sashenmu a jami'a a lokacin, wato malamin da sashe ya ɗora wa kula da rajistar 'yan wannan aji da matsalolinsu. Abu biyu ɗaliban suke nema. A sake wa waɗanda suka rasa wani gwaji, sannan a tsige wakilin ajinsu, wanda suke kira kilas ref, a miƙa shi ga kwamitin ladabtarwa saboda a cewarsu ya ci kuɗin handawut, wato kwafin rubutun darasi da ɗalibai ke saya. Kafin azahar sai ga ƙorafi na biyu, wannan na baki ne, daga malamin darasin. Ya tsaya a bakin ƙofata ya ce, "Malam, yaron nan naka ba shi da amana. Na ba shi saƙo ya kwana da shi."

Ba zan ambaci jami'ar ko sashen ko sunan kowa ba. Abin da ya sa na rubuta lamarin shi ne yadda yaro guda ya wayi gari malamansa na ganin ya ci amanarsu, 'yan ajinsa na ganin ya sayar da su, alhali babu wata takarda a duk sashen da ta faɗi mene ne aikinsa.

Yanayin da muke ciki

Wanda ya koyar a jami'ar tarayya a wancan zango ba ya buƙatar tuni. Ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ta shiga yajin aiki ranar 14 ga Fabrairu 2022, ba ta janye ba sai 14 ga Oktoba, wata takwas cif. Gwamnati ta riƙe albashin waɗannan watanni da cewa ba aiki ba biya, na Oktoba ma da ya zo bai zo cikakke ba. Muka koma aji aljihu a bushe, zuciya a cike, ga kalandar karatu an matse ta don a rama lokacin da ya salwanta. Ana wata ga wata: Babban Bankin Najeriya ya sauya fasalin takardun N200 da N500 da N1,000, wa'adin daina karɓar tsofaffin aka ɗaga shi daga 31 ga Janairu zuwa 10 ga Fabrairu, tsabar kuɗi ta ɓace daga hannun mutane. Cikin wannan hali ne Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ta ba da umarnin rufe jami'o'i daga 22 ga Fabrairu zuwa 14 ga Maris saboda babban zaɓe. Nan take kowane malami ya tashi yana son ya yi gwajinsa kafin a kulle ƙofa.

Gwajin kuwa ba abin wasa ba ne. A darasin da ake magana, maki 30 cikin 100 daga gwaji da aikin gida suke fitowa. Wanda ya rasa su zai shiga jarrabawa da ƙafa ɗaya.

Shi kuma wakilin, ba zaɓensa aka yi ba. A makon farko na aji ɗaya wani malami ya tambaya wa zai riƙe takardar sunaye, ya ɗaga hannu, shi ke nan. Sa kai ya fi bauta ciwo. Daga riƙe takarda aikin ya yi ta yaɗo har ya zama shi ke neman zauren lakca idan an yi karo da wani sashe, shi ke ɗauko makirfo daga ofis ya mayar, shi ke buga wa malami waya a ji ko zai shigo, shi ke tattara aikin gida na ɗalibai sama da ɗari uku ya ɗaure da igiya ya kai, shi ke riƙe da guruf na WhatsApp, shi ke karɓar kowane irin kuɗi. Ni ma ban fita ba. Na sha aikensa ya sayo mini biron allo, sau da yawa kuma shi ke ɗaukar mini jaka daga mota zuwa zaure, ban taɓa tambayar kaina a cikin aikin wakilci wannan yake ko a'a ba.

Daren da abin ya faru

An sa gwajin ne ranar Alhamis da rana, kowa ya sani tun makon da ya gabata. Daren Talata, bayan sallar isha'i, malamin ya samu labarin cewa an ba wani darasi na tsangaya zauren a daidai wannan lokaci, kuma ranar Juma'a zai yi tafiya. Sai ya duba ya ga zauren a sake yake Laraba da ƙarfe takwas na safe. Ya buga wa wakilin waya ya ce a sanar da aji an dawo da gwaji gobe da takwas. Kiran bai kai minti ɗaya ba.

Wakilin yana zaune ne a ɗakin haya a wajen makaranta. Kiran ya same shi a 'yar ƙaramar wayarsa mai tocila, babbar kuwa ta mutu tun la'asar, unguwar ta kwana biyu ba wuta, mai cajin bakin titi ya rufe da wuri. Ya kira mataimakiyarsa ba ta ɗaga ba, matar aure ce, dare ya yi. Ya kira abokai uku ya faɗa musu, ɗaya ya rubuta a guruf, sai wasu suka ce wasa ne tunda ba daga ref ya fito ba, saƙon ya nutse cikin surutun siyasa da hotunan 'yan takara. Shi kansa bai samu damar rubutawa ba sai bayan asuba, da ya jona wayar a gidan maƙwabci mai sola. Awa biyu da 'yan mintoci kenan kafin gwaji.

'Yan hostal suka ji daga bakin juna, suka hallara. Waɗanda abin ya ci su ne na cikin gari. Mai adaidaita sahu a wancan mako ba ya karɓar taransifa, tsohon kuɗi kuma wani ya karɓa wani ya ƙi, don haka ɗalibi sai ya tanadi kuɗin motarsa tun jiya. Da yawa sun tanada ne don Alhamis. Matan aure masu kai yara makaranta da safe ba su ma buɗe waya ba sai da aka gama. Akwai kuma rukuni biyu da ba wanda ya tuna da su: masu kariyoba, 'yan aji uku da huɗu da ke maimaita darasin, waɗanda ba sa cikin guruf ɗin aji biyu sam, da wasu 'yan DE da suka shigo aji biyu kai tsaye, rajistarsu ta makara, ba a riga an saka su ba. Da na kwatanta takardar halartar gwajin da jerin masu rajista, kusan kashi ɗaya cikin biyar ba su rubuta ba.

Malamin da aka je masa da roƙo ya ce shi ya sanar tun dare, a je a tambayi ref. Daga nan fushin ya juya kan yaron, kuma da zarar an fara tono, sai maganar kuɗi ta fito.

Littafin lissafi

Na kira shi ofis ranar Talata, ana gobe za a rufe makaranta. Gaskiya na riga na yanke masa hukunci a zuciyata, domin na sha ganin wakilan da suka mayar da kuɗin aji jarin kansu. Ya shigo ya durƙusa ya gaishe ni, na ce ya zauna ya ƙi, sai da na maimaita. Ya ciro wani littafin rubutu mai shafi 60 da bangonsa ya fara rabuwa, ya ajiye a gabana da hannu biyu.

"Allah ya gafarta Malam, komai yana ciki. Wallahi ban san inda ya yi ba, amma akwai giɓi."

Shi da kansa ya fara faɗin akwai giɓi, wannan ya sa na sassauta murya. Tsarin kuwa haka yake. Malamin ya ajiye rubutun darasinsa a wani shagon hoton takardu, aka ce kowane kwafi N1,500, wakili ya tattara kuɗi ya kai ya karɓo ya raba. Da kuɗi ya yi wuya sai ɗalibai suka koma tura wa wakilin ta asusunsa na kansa, asusun da mahaifinsa ke turo masa kuɗin abinci. Mai shago kuma ya ce shi tsaba yake so, domin da tsaba yake sayen takarda da man janareta. Sai yaron ya riƙa zuwa wurin masu POS yana cirowa, a makonnin da a unguwarmu sai ka bar N1,000 kafin a ba ka N5,000. Bai ƙara wa kowa ko sisi ba, bai kuma rubuta cajin a littafi ba, don bai ɗauka zai taru ba.

Muka yi amfani da hutun zaɓen. Na sa ya nemo bayanin asusunsa daga banki, ya zo gidana sau biyu muka zauna a zaure muna bin layi layi, shi da littafi ni da takardar banki. Giɓin ya kasu uku. Mafi girma cajin masu POS ne. Na biyu taransifar da ba ta shiga ba: ɗalibi ya nuna masa hoton risit a waya, ya rubuta sunansa ya ba shi kwafi, kuɗin kuma ya maƙale a hanya ko ya koma wa mai shi, kamar yadda aka yi ta fama a lokacin. Na uku shi ne laifinsa na gaskiya. Ya ba abokansa bakwai kwafi bashi da kuɗin wasu, biyu kawai suka biya. Da muka iso nan ya sunkuyar da kai ya ce, "Malam, kunya ce ta hana ni tambayarsu."

Wani abin ya fi giɓin damuna. A shafukan ƙarshe akwai jerin sunayen waɗanda suka saya, da lambobin rajistarsu, an sake kwafe shi da kyau. Na tambaye shi na mene ne. Ya ce Dakta, wato malamin darasin, shi ne ya ce a kawo masa don lissafi. A wurin ɗalibai wannan jeri ma'ana ɗaya gare shi: wanda sunansa ba ya ciki ya kuka da kansa ranar sakamako. Dokar jami'armu, kamar ta jami'o'i da yawa a ƙasar nan, ta hana tilasta wa ɗalibi sayen handawut. Malamin ya rantse mini bai taɓa duba jerin wajen ba da maki ba, kuma da na kwatanta makin shekarar da ta gabata ban ga abin da ya ƙaryata shi ba. Amma ko bai duba ba, neman jerin kaɗai ya isa ya mayar da wakili ɗan karɓar haraji a idon ajinsa. Ko farashin ya haura kuɗin hoton takardun, da kuma inda rarar ke tafiya, ban tono ba. Na gaya wa kaina ba shi aka ba ni bincike a kai ba. Na kuma san yadda wata takwas ba albashi yake a gidan mai iyali. Har yau ina ganin a nan na yi sanyi.

Hukuncin da aka yanke

Rahotona shafi biyu ne. Na ce sanarwar da aka bayar ta baki da dare, ƙasa da awa goma sha biyu kafin gwaji, ba sanarwa ba ce, ko da wayar wakilin tana da caji. Na ce ba a samu cin kuɗi ba, an samu sakaci da rashin iya riƙe lissafi, kuma sashe ne ya bar kuɗin jama'a ya bi ta asusun ɗalibi. Shugaban sashe ya karanta ya kira malamin suka keɓe su biyu, ban san abin da suka tattauna ba, amma da aka dawo a ƙarshen Maris, gab da azumi, an yi wa waɗanda suka rasa gwajin nasu. Wakilin ya biya kuɗin abokan nan biyar daga aljihunsa, waɗanda kuɗinsu ya koma musu muka bi su suka sake biya, cajin POS kuma malamin ya ce a bar shi a kansa. Maganar kwamitin ladabtarwa ta mutu a nan.

Na tsaya gaban aji na karanta musu sakamakon binciken da bakina, da alƙaluman, shi yana zaune a layin gaba. Na yi haka ne domin an shafa masa kashin kaji a bainar jama'a, wankewa a cikin ofis ba za ta ishe shi ba. Wasu suka yi tafi, wasu suka yi gunaguni cewa malamai sun rufa wa yaronsu asiri. Kalmar nan, yaronsu, ita ce ta tsaya mini a rai.

Abin da muka sauya, da yadda kowanne ya kasance

A taron sashe na gaba na kawo maganar. Wani abokin aikinmu da ya yi digirin digirgir a Ingila ya ba da labarin yadda a can wakilan ɗalibai ke zama a kwamiti ɗaya da malamai kowane zango, ana rubuta abin da aka tattauna, ƙungiyar ɗalibai kuma ita ke horar da su. Wani Farfesa ya yi dariya ya ce ai can ba su da aji mai mutum ɗari uku da zaure mai kujera ɗari biyu. Yana da gaskiya a kan zauren. Amma abin da na ɗauka daga labarin shi ne, wakilinsu magana yake kawowa daga aji zuwa sashe, namu kuwa saƙo kawai yake kaiwa daga malami zuwa aji. Sunan ɗaya ne, hanyar tafiyar ta bambanta.

Abu mafi sauƙi shi ne kuɗi. Aka ce daga ranar wakili ba ya karɓar kuɗin kowa. Mai son kwafi ya je shago da ƙafarsa, ko malami ya tura rubutun ta waya kowa ya buga idan ya ga dama. Ba a neman jerin masu saye. Wannan ya zauna daram, kuma wakilan sun fi kowa murna.

Sanarwa ta fi ba mu wahala. Ƙa'idar ita ce duk sauyin da ya shafi maki, gwaji ko ranar miƙa aikin gida, malami ne zai rubuta shi da kansa da sunansa, aƙalla kwana biyu kafin lokaci, a manna kwafi a allon sanarwa, wakili kuma ya tura rubutun malamin yadda yake. Muka buɗe wa kowane darasi zaurensa na WhatsApp wanda shugabanni kawai ke iya rubutu a ciki, aka saka kowa bisa jerin rajista, har masu kariyoba da 'yan DE. A da wannan ba zai yiwu ba, domin guruf ba ya ɗaukar fiye da mutum 256, shi ya sa manyan azuzuwa ke da guruf biyu ko uku, saƙo ya shiga ɗaya ya tsallake ɗaya. A shekarar 2022 aka ɗaga adadin zuwa 512, daga baya zuwa 1,024, mu dai ba mu lura ba sai da wata ɗaliba ta nuna mana. Matasan malamai suka bi ƙa'idar. Manya biyu ko uku har yanzu waya suke ɗagawa su ce, "Kai ref, gaya musu ba zan samu shigowa ba." Na soke lakca na kan kau da kai. Na gwaji ne ba na bari ya wuce, kuma wakilan sun san idan aka kira su da irin wannan, abin da za su ce shi ne, "To ranka ya daɗe, bari in sanar da kodineta," sauran ni zan ji da shi. Ɗalibi ba zai iya ce wa mai ba shi maki a'a ba, don haka bai kamata a bar masa nauyin faɗinta ba.

Takardar halarta ta jawo muhawara mai zafi. Doka ta ce sai ɗalibi ya halarci kashi 75 cikin 100 na lakcoci kafin ya zauna jarrabawa. Malamai da yawa wakili suke miƙa wa takardar ya zagaya da ita. Abin da ke biyo baya kowa ya sani. Aboki ya ce sa mini hannu ina asibiti, ɗan garinsu ya ce yau kasuwa ce, idan ya ƙi ya zama mugu, idan ya yarda kuma malami ya ƙirga kawuna ya ga sa hannu ya fi mutane, shi ne maƙaryaci. Gaba kura baya sayaki. Wani malamin ma har ce masa yake ya rubuta sunayen masu surutu, kamar monita a firamare. Na dage cewa a cire wannan daga hannun wakili gaba ɗaya, domin wanda aji ke wa kallon ɗan leƙen asiri ba za a gaya masa damuwa ba, kuma damuwar ce muke son ya kawo. Abokan aikina suka ce to wa zai riƙe takarda a aji mai ɗari uku? Muka tsaya a tsakiya: takarda ta zagaya, malami ya karɓa da hannunsa kafin ya fita, wakili ba ya sa hannu a madadin kowa, ba kuma a tambayarsa wane ne bai zo ba. Ba cikakken magani ba ne, sa hannun bogi bai ƙare ba, sai dai yanzu ba a wuyansa yake rataye ba.

Sannan zama. Sau uku a zango, farko da tsakiya da gab da jarrabawa, nakan zauna da wakili da mataimakiyarsa na minti talatin ko arba'in, da littafi guda da muke rubuta abin da suka kawo da amsar da aka bayar. Zaman farko ya ba ni kunya. Na tambaye su mene ne damuwar aji, suka kalli juna suka ce ba komai Malam, alhamdu lillahi. Da na matsa suka ce fanka biyu ba sa aiki. Ba a banza suka yi shiru ba, shekara biyu ba wanda ya taɓa tambayarsu. Sai na sauya salo. Kwana uku kafin zama su saka tambaya a guruf, da ƙuri'ar nan ta WhatsApp ko a 'yan takardu marasa suna da ake jefawa a kwali, su zo mini da abin da aji ya ce. Da ya zama ba ra'ayinsu suke faɗa ba, bakinsu ya buɗe. A zama na gaba kuma nakan fara da karanta na baya: wannan an yi, wannan an kai gaba ba amsa, wannan ba zai yiwu ba ga dalili. Na lura a'a mai dalili ba ta ɓata musu rai kamar shiru.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Bayan cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabo, halartar lakca ta ragu, mu muna ta cewa ɗaliban yanzu ba sa son karatu. Mataimakiyar wakilin ce ta zo da jadawalin mako a hannu ta nuna mini cewa ranar Talata lakca ɗaya ce tal, ta awa ɗaya, da ƙarfe biyu na rana. "Malam, mutum zai hau mota biyu zuwa biyu dawowa saboda awa ɗaya. Mu matan aure ba ma iya faɗin hakan a gida." Na kai wa jami'in jadawali, aka mayar da ita Laraba kusa da wata, Talata ta zama ba lakca. Shekaru muna tsara jadawali bisa zauren da ya samu da lokacin da ya yi wa malami daɗi, ba wanda ya taɓa ƙirga shi da kuɗin adaidaita.

Inda muka yi tuntuɓe

A zama na tsakiyar wani zango takardun kwali da yawa suka ce wani malami ya shiga aji sau biyu kacal cikin mako shida. Na rubuta a littafi, na kai wa shugaban sashe, ya yi wa malamin magana. Washegari malamin ya shiga aji ya ce ya san wanda ya kai ƙararsa, ya kalli layin gaba. Bai ambaci suna ba, bai kuma yi wa kowa komai a maki ba, na bibiya. Amma zaman da ya biyo baya, fanka da makirfo kawai aka kawo mini. Kuskurena ne. Na kai maganar da cewa wakilai sun ce, alhali da na leƙa zauren sau biyu a lokacin darasin da na gani da idona, in kai a matsayin abin da kodineta ya gani. Yanzu haka nake yi, kuma duk abin da ya shafi malami da suna ba ya shiga littafin zama.

Akwai kuma abin da na gaya musu tun farko cewa kada ya bi ta hannunsu, wato ƙorafin cin zarafi ko neman ɗaliba ko neman kuɗi don maki. Wakili ya nuna wa mai ƙorafi ofishin kula da harkokin ɗalibai ko malamar da sashe ya ware, ya tsaya a nan. Yaro ɗan shekara ashirin ba zai iya ɗaukar irin wannan sirri ba, kuma idan ya fita shi za a fara nema.

Zaɓe ma bai tafi yadda na zata ba. Muka ce kowace shekara aji ya zaɓi wakili da mataimaki, mace da namiji, sashe kuma ya ba su takardar shaida idan sun kammala. Aji ɗaya suka mayar da abin siyasa sosai, har da fosta da rabon alawa da maganar 'yan gari da baƙi, sai da muka hana fosta muka ce kowane ɗan takara minti biyu a gaban aji, a ɗaga hannu a ƙirga. Rabin shafin da na rubuta na aikin wakili, abin da yake yi da abin da ba a sa shi, yana manne a allon sashe, rana ta ci shi na sake bugawa sau biyu.

Shi wakilin da aka yi rigimar a kansa bai tsaya takara ba da suka shiga aji uku, duk da wasu daga cikin waɗanda suka sa hannu a takardar tsige shi sun zo suna roƙonsa. Na tambaye shi dalili a baranda. Ya ce makinsa ya sauka a aji biyu, mahaifinsa ya ce ya zo karatu ne ba shugabanci ba. Na duba fayil ɗinsa daga baya, haka ne, har da kariyoba ɗaya, a wani darasi na ƙarfe takwas da yakan shiga a makare saboda yana can yana neman mai riƙe da makullin zaure. Mataimakiyarsa ce aji ya zaɓa. Ranar da ta fara, ya kawo mata lambobin wayar malamai da ya kwafe a takarda, ya kuma nuna mata ofishin da ake karɓar makirfo. Littafin mai shafi 60 yana cikin durowata, bai dawo ya karɓa ba.